Koriyar Motar Babana da Na Mayar Fara

Shekarun baya, can tsakiyar alif ɗari tara da sittin da wani abu, ina saurayi ɗan shekara ashirin a unguwar Misfala da ke Makka, na yi wa tsohuwar motar babana fenti da hannuna. Na sha ba da labarin nan a majalisa don a yi dariya, domin farkonsa akwai abin dariya, in na kai tsakiya sai in ce shi ke nan. Yau dai zan kai shi ƙarshe.

Mu ba haifaffun Makka ba ne. Iyayena sun taso daga ƙasar Kano a ƙasa, suka bi ta Chadi suka shiga Sudan, suka yi shekaru a wani ƙauyen Hausawa suna cirar auduga kafin su tara abin tsallake teku. A can aka haife ni. Cikin 'ya'yan mahaifiyata mu biyu ne muka rayu: yayata, wadda ita ce 'yar fari, sai ni auta. Da lokacin tsallakewa ya yi, yayata tana gidan mijinta da jariri a hannu, sai aka bar ta a kan za su biyo mu baɗi. Ina ɗan shekara bakwai a lokacin. Baɗin nan sai da ya zama shekara goma sha uku.

Wanda ya san matan da, ya san yadda suke da ɗan fari. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunan yayata ba, ko sau ɗaya ban ji ba. In dole ta kama sai ta ce "waccan ta Sudan", ta kau da kai ta shiga wata maganar. Ba ta tambayar labarinta a gaban mutane, ba ta nuna tana kewarta. Ni kuwa da na tashi cikin yaran Makka, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakina, sai na ɗauka abin ya wuce mata. Na san dai duk shekara in alhazan Sudan za su koma takan ja wata mace gefe su yi ƙus-ƙus, amma ban taɓa damuwa in san me ake faɗa ba.

Motar kuwa akori-kura ce, wadda ta ga jiya ta ga yau tun kafin ta zo hannun babana. Da ita yake ɗauko gawayi da buhunan hatsi daga Jidda. Shi ya yi mata fenti da ragowar na ƙofofin wani masallaci, kore shar irin wanda ake hangowa tun daga kan kwana. Duk Misfala babu irinta. Da ya rasu ta yi wata biyu tana tari, sannan ta mutu ita ma. Aka ɗora ta a kan duwatsu a ƙofar gidanmu, gindin matakalar dutse, kusa da bazan, wato tankin da masu ga-ruwa ke ɗiba. Shekara huɗu tana nan, kyanwoyi na kwana a ƙarƙashinta. Gidajenmu ba lamba, lungunanmu ba suna, don haka da ita ake kwatance: ka wuce koriyar mota ka yi dama, kafin ka kai koriyar mota akwai mai burodi.

Ni fa na tsani koren nan. Abokaina kankana suke ce mata, ni kuma ɗan gidan kankana. Sai na ƙudurta a raina zan tashe ta in riƙa jigilar alhazai, in zama mutum. Ku dubi hankalin saurayi: inji ba ya tashi, tayoyi huɗu duk sun kwanta, amma abin da na ga ya fi gaggawa shi ne fenti.

Da na faɗa wa mahaifiyata, tana tsince hatsin da take sayar wa masu ciyar da tattabaru a bakin Harami. Ba ta ɗago ba ta ce, "Auta, ka bar ta yadda take."

Na ce, "Inna, don me?"

"Haka babanka ya bar ta."

Na ce a raina tsofaffi ke nan, ko tsumman mamaci ba sa son a taɓa. Na ce mata to, ban kuma fasa komai ba.

Ni da abokina, wanda ke aikin gini, muka je kantin wani Bayamane a kasuwa. Wallahi sai da na ɗauki gwangwanin kore a hannuna, don na yi tunanin ko in sabunta mata kalarta kawai kowa ya huta. Abokina ya fizge ya ce, "Ya shehu, za ka sake wata kankanar? Dubi motocin manya, duk farare ne. Magana ta ƙare, ɗauki fari." Na ajiye kore na ɗauki fari, har ina jin kaina wani ɗan sarki.

Lokacin saura kamar sati biyu a hau Arfa, gari ya cika ya batse. Al'adarmu a Makka, in alhazai suka zo kowa yakan ba da hayar ɗakunansa ya raɓa wani wuri. Namu ɗakuna biyu wasu alhazan Jawa ne a ciki, wato mutanen Indonesiya. Mahaifiyata ta koma kwana wajen ƙawarta, wata tsohuwar Bakatsiniya mai sayar da koko da nake ce wa Gwaggo, a can saman tudu, kuma daga can wata hanyar take bi zuwa Harami. Ni ina kwana a bayan motar. Wannan ya ba ni kwana uku ba mai ce mini kanzil.

Kwana biyu ina goge ta da takarda mai yashi, koren yana zuba a hannuna yana shiga hancina. Rana ta uku na sirka fentin da kananzir, na kama burushin bango na abokina na yi ta shafawa. Ban san ana jira shafin farko ya bushe ba. Ya dalalo ta gefen ƙofofi, ƙura ta hau, ƙudaje suka zo suka manne. Da na gama na ja da baya na duba, sai gabana ya faɗi. Ba ta yi kama da motar manya ba ko kaɗan. Duk lotsawar da kore ke ɓoyewa fari ya tona ta, ta fito kamar tsohuwar da ta cika hoda. Abokina da ya ba ni shawarar ya zo ya zagaya ta sau biyu, ya riƙe ciki yana dariya, ya ce, "Wannan ai motar asibiti ce. Wa za ka ɗauka?"

Tun a ranar na fara da-na-sani. In na duba ta daga hagu in ce ba laifi, in na dawo dama in ji kamar in yi kuka. Ga shi a lokacin aikin hajji motoci farare sun cika gari, tawa ta ɓace a cikinsu. Amma bakina bai yarda ba, duk wanda ya tambaya sai in ce fari ai shi ake yayi.

Rana ta huɗu da la'asar mahaifiyata ta biyo ta lungun da tirenta a ka. Ta tsaya cak. Ta daɗe tana kallon motar, ni ina tsaye ina jiran faɗa. Sai ta ce, "Ba ka samu kore ba ne?"

Na ce, "Akwai, Inna. Fari ya fi kyau."

Ta ce, "To." Ta hau matakala ta tafi.

Washegari da hantsi na dawo daga sayen burodi na tarar da wani koren zane nata shimfiɗe a kan gaban motar, an danne gefunansa da duwatsu. Ita tana tsaye tana gyara shi. Raina ya ɓaci. Na fizge zanen, ya taso da fenti a jikinsa, ya bar shatin saƙarsa a kan wahalar da na sha. A gaban alhazan Jawa da masu ga-ruwa na ɗaga mata murya, na ce duk igiyoyin shanyar da ke unguwar nan ba ta ga wurin shanya ba sai kan motata? Ban ma lura zanen a bushe yake ba.

Ta karɓa ta ninke shi a hankali. Ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ban san bai bushe ba."

Kwana biyu bayan haka na je sayen koko wajen Gwaggo. Ta zuba wa kowa ta bar ni a tsaye, sai da wurin ya watse ta ce in tsuguna.

"Kai dai an yi sakarai. Ka san abin da ka goge?"

Na ce fenti ne, Gwaggo.

"Fentin gidanku. Tun ran da babanka ya sayi motar nan, duk shekara uwarka na aika wa yayarka saƙo a bakin alhazai, kuma saƙon ɗaya ne. In Allah ya kawo ki, ki sauka Misfala, ki nemi bazan mai matakalar dutse, gidan da koriyar mota ke ƙofarsa, nan nake. Ba ta iya rubutu, gidan ba lamba, me kake so ta ba ta? Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sau nawa ta kore su? Ka ɗauka son ƙarfe take yi?"

Na ce, "To me ya hana ta faɗa mini?"

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ta buɗe baki ta ce maka tana jiran 'yar fari? Kai wane irin Bahaushe ne?"

Daga nan kantin Bayamanen na wuce na sayi gwangwanin koren nan da na taɓa ɗauka na ajiye. Na kawo shi na tura ƙarƙashin kujerar motar. Da a ranar na buɗe shi, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Amma Bayamanen ya ce in bari farin ya bushe sosai tukuna. Kuma da azahar ɗin ranar babbar motar muɗawwifi, wato jagoran alhazan da nake wa aikin kafa tantuna, za ta tashi zuwa Mina, in na makara wani za a ɗauka. Waɗannan su ne dalilan da na riƙa ba kaina shekara da shekaru. Na gaskiyar shi ne kunyar abokina nake ji, kada a ce ɗan gidan kankana ya kasa tsayawa a kan ra'ayinsa ko na sati ɗaya. Na ce a raina, wadda ta yi shekara goma sha uku ba ta zo ba, sai bana za ta zo? Ko cewa mahaifiyata ta mayar da zanen ban yi ba, domin in na faɗa ta san Gwaggo ta tona mata asiri, kuma ban san da wane ido zan dube ta ba. Na hau mota na tafi Mina.

Sai da aka sauko, muka kwance tantuna muka ɗaure, sannan na dawo gida, lokacin yawancin alhazai sun yi gaba. Na buɗe gwangwanin na mayar da motar koriya. Wannan karon na bi a hankali, ta kuwa yi kyau fiye da da. Mahaifiyata ta dawo ɗakinta, ta gani, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Na ji sanyi a raina, na ɗauka magana ta ƙare.

Da shekara ta zagayo, farkon shigowar alhazai, tun ba mu ba da ɗakuna ba, wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofarmu da rana tsaka. Ta ce daga Sudan take, maƙwabciyar yayata ce, katanga ɗaya ta raba su. Mahaifiyata ta shimfiɗa mata tabarma, ni na zauna bakin ƙofa ina haɗa shayi. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi hanya da teku. Mahaifiyata ta tambayi lafiyar kowa a ƙauyen nan, har da limaminsu, ban da mutum ɗaya.

Tsohuwar ta kwance ƙullinta ta fito da wani gwado saƙar hannu ta ajiye a gabanta. Ta ce, "Hajiya, sai haƙuri. Allah ya yi wa 'yarki rasuwa da daminar nan, wajen haihuwa. Abin da ta haifa ma bai zauna ba."

Mahaifiyata ta yi salati ta yi istirja'i, murya ƙasa-ƙasa. Idonta a bushe. Ta ce Allah ya jiƙan musulmi.

Tsohuwar ta ce, "Gwadon nan audugar da ta cira ce da hannunta, ita ta kaɗa zaren. Bara ta zo miki da shi ta koma da shi."

Na ji butar shayin ta yi mini nauyi a hannu. Mahaifiyata ta ce, "Bara?"

"Bara ai sun yi aikin hajji ita da mijinta. Kwana uku kafin a fita Mina suna yawo a unguwar nan, ga ƙaramin ciki, ƙafafunta duk sun kumbura. Ta ce ta samu bazan, ta samu matakalar dutse, har ta samu wata mota a kan duwatsu, amma fara ce. Ta tambayi masu tebur a bakin hanya ina koriyar mota, ashe su ma baƙi ne 'yan cin kasuwar hajji, suka ce ba su san ta ba. Ta ambaci sunan babanta, malam marigayi, ba wanda ya gane. Duk da haka mijin ya ce su buga ƙofar. Wata 'yar Jawa ta buɗe, ba ta jin Hausa ba ta jin Larabci. Sai 'yarki ta juyo ta zauna a inuwar farar motar nan ta yi kuka ta gode Allah. Ta ce ko kin tashi, ko kin rasu ba a gaya mata ba."

Tsohuwar ta ci gaba, ita ba ta san me take yi mini ba.

"Da ciwon ya tsananta ta ce mini, Iya, in kin je ki sake dubawa, ko idona ne. Ni kuwa ina shigowa lungun nan na hango ta, kore shar, ko makaho ya gan ta. Na ce ikon Allah, yarinyar nan yaya aka yi ta tsallake? Kuma ta rantse mini fara ta gani."

Na buɗe baki zan yi magana. Wallahi na so in faɗa, na so tsohuwar nan ta zage ni, ta tsine mini ma in ta ga dama. Mahaifiyata ta riga ni. Ta ce, "Allah bai nufa za mu gana ba." Sannan ta juyo ta dube ni, ta ce, "Auta, zuba wa baƙuwa shayi."

Na zuba. Rabinsa a kan tire ya zube.

Da baƙuwar ta tafi bayan la'asar, mahaifiyata ta ɗauki gwadon ta fita. Na bi ta daga nesa. Ta zagaya motar ta tsaya ta gefen da inuwa ke faɗawa, ta dubi ƙasa kamar mai neman abin da ya faɗi, sannan ta zauna a nan cikin ƙura ta jingina da ƙofar. Ta ɗora gwadon a cinya. Sai na ji ta kira sunan yayata. Ba da kuka ba, a hankali, yadda ake kiran wanda ke ɗaki na kusa. Ta kira sau uku, tana ɗan dakatawa a tsakani. Ranar na fara jin sunan nan a bakinta, ban kuma sake ji ba.

Ta yi shekara bakwai bayan haka. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa, ko cikin faɗa. Na roƙe ta gafara ya fi a ƙirga, kullum amsarta ɗaya ce, "Me ka yi mini?" Da ta zage ni da na samu sauƙi. Motar ban taɓa tayar da ita ba, ban kuma bar kowa ya taɓa ta ba, har ranar da aka zo faɗaɗa hanya aka janye ta. Yau lungun ma babu shi, dogayen gine-gine ne a wurin.

Mutane sun ba ni haƙuri iri-iri. An ce ƙaddara ce, na kuma yarda ƙaddara ce. An ce laifin kunyar mutanen da ne, da ta buɗe baki ta faɗa da ba a yi haka ba. Wataƙila. Amma ni na san Gwaggo ta faɗa mini, na san gwangwanin yana ƙarƙashin kujera. Lokacin da yayata ke zaune a inuwar motar nan tana kuka, koren fentin yana bayanta, ƙofa ɗaya ce tsakaninsu, mahaifiyarta kuma tana bakin Harami tana auna wa mutane hatsin tattabaru. Wannan lissafin ba ya barina, na tsufa da shi.

Da aka haifa mini 'yar fari na sa mata sunan yayata, kuma da shi nake kiran ta gatsal a gaban kowa. Tsofaffin unguwa suka ce zaman Makka ya cire mini kunya, na bar su da faɗarsu. Mahaifiyata ta riski yarinyar, ta goya ta, ta yi mata wasa, amma 'yar baƙuwa take ce mata har ta koma ga Allah.

Fuskar yayata ban iya tuna ta, ina ɗan shekara bakwai muka rabu, kuma ba mu da hotonta. In na rufe ido ina neman ta, abin da nake gani kawai mace ce zaune a ƙasa da kumburarrun ƙafafu, ta jingina da farar mota, fentin da na shafa bai gama bushewa ba.